Zanen Aro a Gefen Gado: Tarke a Kan Falsafar Malamin Likita

Akwai wata takarda da ta fara yawo a hannun malaman da ke koyar da aikin likita a ƙasar nan, musamman masu neman gurbin horo ko tallafin bincike daga ƙasashen waje. Shafi ɗaya ce ko biyu, inda ake so malami ya bayyana abin da ake kira falsafarsa ta koyarwa, wato yadda ya ɗauki ilimi, da yadda ya ɗauki ɗalibi, da abin da yake fatan ɗalibin ya zama in ya bar hannunsa. Al'adar ta samo asali ne daga jami'o'in Amurka da Kanada, inda takardar ke cikin abubuwan da ake dubawa kafin a ɗauki malami aiki ko a ƙara masa girma. Na rubuta tawa, na kuma karanta na abokan aiki da dama da suka ba ni in duba musu. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne kamanninsu. Kowa ya ce ɗalibi ne cibiyar koyarwarsa, kowa ya ce shi jagora ne mai nuna hanya, kowa yana ƙaunar ɗalibi mai tunani da yawan tambaya. Da za a goge sunayen a cakuɗa takardun, da wuya mai ita ya gane tasa. Alhali kuwa na san mutanen nan. Na sha ganin wasunsu a zagayen safe suna tsinka ɗalibi a gaban majiyyaci har gumi ya jiƙa masa farar riga, kuma ban ware kaina daga cikinsu ba.

Tambayar da takardar ke yi tambaya ce mai kyau, ta ma daɗe da cancantar a yi mana ita. Amsar da muke bayarwa ce zanen aro, shi kuwa ba ya rufe katara. Hujjar da nake son kafawa ita ce, falsafar malamin likita ba a gane ta daga abin da ya rubuta, ana gane ta ne daga abin da ɗalibinsa ya aikata ranar da ya tsinci kansa shi kaɗai, nesa da asibitin koyarwa, da majiyyaci a gabansa. A wurina wannan wuri yana da suna, Balan ne, gundumar da aka haife ni a Ƙaramar Hukumar Gaya, a gabashin Jihar Kano. Ƙasar Gaya da maƙwabciyarta Ajingi ƙasar gero da dawa da gyaɗa ce, wadda in ciwo ya fi ƙarfin asibitin kusa sai an bi ta Wudil an haye gada kafin a kai birni.

Wata damina aka kai ƙanwata, 'yar ƙanin mahaifina, wani ƙaramin asibiti a yankinmu. Cikin fari ne, ya shiga wata na takwas. Likitan da ya gan ta sabon likita ne mai hidimar ƙasa, kuma ɗalibina ne, yana cikin waɗanda nake alfahari da su. Uwar mijinta ce ta yi magana, kamar yadda aka saba, ta ce, "Likita, zazzaɓin damina ne ya sa ta gaba, kwana uku kanta na sarawa." Ita yarinyar kanta na ƙasa, ba ta ce uffan ba. Ya sa aka gwada jininta, gwajin ya nuna zazzaɓin cizon sauro, wanda a damina ba abin mamaki ba ne a jinin kowa a ƙauyukanmu. Ya rubuta magani suka koma gida. Abin awon jini yana cikin kabad, lafiyarsa ƙalau. Da tsakar dare jijjiga ta kama ta. Mutanen gida suka fara da hayaƙi da tofi don sun zaci iska ce, sai da asuba aka samu mota. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ɗan bai zo da rai ba.

Bayan 'yan makonni ɗalibin nan ya zo ya same ni da kansa, abin da har yau nake ganin girmansa a kai. Ya ce, "Yallaɓai, wallahi na san ciwon nan. Ko daga barci aka tashe ni zan lissafa alamominsa." Gaskiya ya faɗa, ni na ba shi makin. Na tambaye shi abin da ya hana shi auna jininta. Ya yi shiru, can ya ce a duk shekarunsa na asibitin koyarwa majiyyaci bai taɓa isowa gabansa ba face an riga an auna an rubuta a kati, har ya saba ganin awon jini a matsayin lambar da ake karantawa. Sannan ya ƙara da abin da ya fi yi mini ciwo. Ya ce ya lura fuskarta ta ɗan kumbura, zuciyarsa ta yi ɗar, ya ɗauko waya zai kira ni, sai ya tuna abin da nakan ce wa mai tambayar da nake ganin ta yi sauƙi: wa ya ba ka gurbi a makarantar nan? Ya mayar da wayar aljihu.

A takardar da na rubuta shekara guda kafin wannan, na ce ni malami ne mai ƙarfafa wa ɗalibi gwiwar tambaya.

Kafin a ɗora wa malami ɗaya laifi, ya kamata a dubi gidan da ya gada. Tsarin da muke bi ba mu muka ƙaga shi ba. A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahotonsa a kan makarantun likitanci na Amurka da Kanada, ya nemi a kafa karatun a kan kimiyyar ɗakin gwaji tukuna, sannan a shigar da ɗalibi babban asibiti mai alaƙa da jami'a. Kafin shi William Osler ya riga ya fitar da ɗalibai daga ɗakin lacca ya kai su gefen gado a asibitin Johns Hopkins. Namu tsarin ya biyo ta Ingila ne: kwalejin Ibadan ta buɗe a 1948, digirinta kuma na Jami'ar Landan ne har zuwa 1962. Zariya ta fara koyar da likitanci a 1967, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya kafu a 1988. Ba abin raini ba ne wannan gado, shi ya raba likita da mai tallan magani a tasha. Sai dai an ɗinka shi ne a kan zaton cewa inda ɗalibi ya koya da inda zai yi aiki kusan abu ɗaya ne, akwai ɗakin gwaji, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai babba a kusa da za a tambaya. A wurinmu tsakanin wuraren biyu akwai tazarar da ta fi ta kilomita. Ɗalibi yakan shekara shida a inda komai ke zuwa masa a kati, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan a aika shi inda shi ne mai awo, shi ne mai gwaji, shi ne babban.

Tarihin baka ya ce wani maƙeri ne daga Gaya, mai suna Kano, ya je Dala neman tama ya zauna, daga gare shi Abagayawa suka samo asali. Na taso ina ganin yadda maƙeran ƙasarmu ke koyar da 'ya'yansu. Yaro yakan daɗe a kan zugazugi kafin a ba shi awartaki, ya daɗe da awartaki kafin ya riƙe masaba, kuma duk wannan a gaban idon uban ake yi. Babu maƙerin da zai shaidi ɗansa don ya iya bayanin yadda ake ƙera fartanya. Sai ya ga ya ƙera. Ni kuwa na sa hannu na shaida wa duniya cewa yaron nan likita ne ba tare da na taɓa tsayawa na ga ya naɗa abin awo a damtsen mutum ba. Na ɗauka abu ne ƙarami da ya wuce a tsaya a kansa. Masana harkar sun daɗe da gane wannan giɓi, shi ya sa Ronald Harden da abokansa a Dundee suka fito da jarrabawar tasha-tasha a 1975, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi yana aikatawa ana kallo. Makarantunmu sun karɓe ta, kuma ci gaba ce. Amma a tasha an riga an gaya wa ɗalibi abin da zai yi, an rubuta a ƙofa cewa auna jinin wannan. A ƙauye babu rubutu a ƙofa. Abin da ya kasa a hannun ɗalibina ba iya awon ba ne, tunanin yin awon ne ba tare da an ce ya yi ba, wannan kuwa sai da sabo ake samunsa.

Maganar harshe ta fi wannan zurfi, kuma ita ce ba na ganin ko alamarta a takardun da na karanta. Muna koyarwa da Turanci, muna jarrabawa da Turanci, muna rubuta kati da Turanci, majiyyacinmu kuwa da Hausa yake ciwo. Ana ɗauka cewa tunda ɗalibi Bahaushe ne, fassarar za ta zo masa da kanta. Ba ta zuwa. Hausar ciwo fage ce mai zaman kanta, ɗan birnin da ya yi firamare da sakandare da Turanci bai fi baƙo saninta da yawa ba. In tsohuwa ta ce tana da ciwon zuciya, mai yiwuwa ɗanta ne ya ɓata mata rai shekara biyu, mai yiwuwa kuma ƙirjinta ne ke cika da ruwa, kalmar ɗaya ce. Sanyi na iya zama ciwon gaɓoɓi, ko ƙaiƙayin gaba, ko rashin haihuwa, ko tari. In an ce yaro yana da rana, ko shawara, ko ɗankanoma, kowace kalma tafe take da nata bayanin dalili da nata maganin da aka riga aka sha kafin a zo. Matar da ta ce cikinta ya kwanta shekara biyu ba wauta take yi ba, tana ba da labarin jinin da ya ɗauke ko ɓarin da ba a gane ba, a cikin harshen da gidansu ke fahimta. Likitan da ya yi dariya ya rufe ƙofar da za ta kai shi ga ciwon.

Bayan kalmomi akwai shiru, shi ma harshe ne. Yarinya mai cikin fari ba za ta yi bayanin jikinta a gaban uwar miji ba, balle ga namiji baƙo. Daga baya na ji cewa ƙanwata ta gaya wa ƙawarta idonta na yin hazo tun kwana biyu kafin a kai ta. Ciwon kai mai tsanani da hazon ido da kumburin fuska a wata na takwas, ko ɗan aji huɗu ya san inda suka dosa. Labarin yana cikin ɗakin, a bakin yarinyar, ba wanda ya san yadda zai fito da shi. Da an koya wa likitan ya ce, "Inna, don Allah ki ɗan ba mu wuri zan duba ta," ya kira wata ma'aikaciya ta tsaya, ya tambaye ta a hankali, da ya ji. Wannan jimla ɗaya ba ta cikin wani littafin da muke koyarwa da shi, ni ma ban taɓa koyar da ita ba. Ba ina cewa a bar Turanci ba ne, da shi ake karanta binciken duniya, likitan da ya rasa shi ya makance ta ido ɗaya. Cewa nake malamin da bai taɓa sauraron ɗalibinsa yana ɗaukar tarihin ciwo da Hausa daga farko har ƙarshe ba, bai san rabin aikin ɗalibin ba.

Abin takaicin shi ne muna da namu magabatan a wannan fage, waɗanda suka fi dacewa mu yi koyi da su fiye da kalmomin da muke kwafowa. Eldryd Parry ya koyar a Zariya daga 1969 zuwa 1977. Shi da Neil Davidson sun lura da yawan masu jego da ke zuwa da gazawar zuciya, suka fita daga ɗakin majiyyata suka tambayi abin da ake yi wa mai jego a gida, suka tarar da wankan jego da ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. A 1978 suka wallafa bincikensu, inda suka danganta ciwon da yawan gishirin kanwa da zafin da ke ɗora wa zuciya nauyi. Shi ne kuma ya shirya littafin Principles of Medicine in Africa a 1976, don ɗalibin Afirka ya karanta ciwon da zai gani. A daidai wannan zamani Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a asibitin Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su je awo ba, kuma ƙarancin shekaru da rashin karatu na cikin tushen al'amarin. Waɗannan malamai ne da suka ɗauki gidan majiyyaci a matsayin wani sashe na darasi.

Labarin bai tsaya nan ba, kuma ci gabansa ne ya fi amfani ga malami. Shekaru da dama muna koya wa ɗalibai kunun kanwa da wankan jego kamar karatun da ba ya canzawa. Sai Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka sake bin ciwon, har suka tattara bayanai daga asibitoci da dama a faɗin Najeriya, sakamakon da suka wallafa a 2020 bai tabbatar da cewa al'adun jego su ne sanadi ba. Abubuwan da suka fito fili sun haɗa da rama, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. Wannan bai rage darajar aikin Zariya ba, hasali ma hanyarsu aka bi, ta komawa ga majiyyaci a sake tambaya. Amma ya nuna cewa abin da na tsinka ɗalibi a kansa jiya, gobe ana iya gyara shi. Malamin da ya san haka ba zai yi koyarwa da murya irin ta wanda ya gama sani ba.

Wannan ya kawo mu ga tsoro. Masu kare tsawa a zagayen safe suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce aikin nan rai ne a ciki, ɗalibin da aka lallaɓa zai yi sakaci, mu ma haka aka yi mana kuma ga shi mun zama. Wasu sukan ƙara da cewa al'adarmu ce girmama malami. Na yarda rai ne a ciki, don haka ne ma nake ganin hujjar ta juya kan masu ita. Ɗalibin da aka kunyata sau uku a gaban majiyyaci ba ya daina jahiltar abu, ɓoyewa yake koya. Yakan koma bayan layi, ya ce ya duba abin da bai duba ba, ya rubuta a kati abin da ya san ana son gani. Ranar da ya zama likita kuma ya tafi da wannan ɗabi'a, sai dai yanzu abin da yake ɓoyewa ciwon wani ne. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, mu kuwa muna yaye likitocin da aka hore su a kan cewa tambaya abin kunya ce.

Batun al'ada kuwa, an yi mata ƙarya. Ladabin da almajiri ke yi wa malami a zaure gaskiya ne, littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji da ake karantawa a zaurukanmu cike yake da shi. Amma a cikin wannan gado ne aka ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, malamai kuma suka riƙa ba da labarin a matsayin abin yabo. Ibn Nadim ya ruwaito yadda Abubakar ar-Razi, likitan Rayyu da Bagadaza, ke zama ɗalibai sun kewaye shi sahu-sahu. Majiyyaci yakan fara da sahun waje, in sun kasa ya matsa ciki, in kowa ya kasa sannan malam ya yi magana. Tsari ne da aka gina shi a kan cewa kasawa ba laifi ba ce, miƙa abin da ya fi ƙarfinka ga na gaba shi ne aikin. Abin da muke yi a zagayen safe bai yi kama da wannan ba, ya fi kama da barikin soja. Sau nawa ɗaliban likitanci suka taɓa jin babban likita ya ce, a gabansu, ban sani ba, bari mu duba? Na yi shekaru ina koyarwa kafin in furta ta, kuma ranar da na furta na ga yadda ajin ya saki jiki.

Dole a yi wa malamai adalci. Ajin da ya kamata ya zama na ashirin ya zama na ninkin haka, abokan aiki suna ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila, wanda ya rage yana duba majiyyata da safe, ya shiga tiyata da rana, ya yi lacca a gajiye. Ba a kuma taɓa koya wa yawancinmu koyarwa ba, an ɗauka wanda ya iya yanka ya iya nuna yadda ake yanka. A irin wannan hali tsawa ita ce hanya mafi arha. Na fahimci haka, amma fahimta ba ta mayar da ɗan ƙanwata ba.

An sha ƙoƙarin cike tazarar da ke tsakanin asibitin koyarwa da ƙauye. Ibadan ta fara kai ɗalibanta Igbo-Ora tun 1963. Parry da ya koma Ilorin a 1977 ya taimaka wajen kafa tsarin da ke kai ɗalibai zama cikin al'umma tun daga shekarun farko na karatu. Taron Alma-Ata na 1978 ya ɗaga darajar kiwon lafiya a matakin farko, Olikoye Ransome-Kuti kuma ya yi ƙoƙarin dasa shi a ƙasa lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A Kano akwai cibiyar lafiya ta Kumbotso da ake amfani da ita wajen wannan horo, ko da yake birni ya riga ya matso ya haɗiye yankin. Matsalar da nake gani a ko'ina ita ce yadda malamai kansu suka ɗauki wannan fita. Ana barinta ga sashen lafiyar al'umma kaɗai, ɗalibai su ƙirga rijiyoyi da masai su rubuta rahoto su dawo, likitan ciki da na mata da na yara kuwa ba sa taka ƙafa. Ɗalibi ba wawa ba ne, yana ganin inda manya ke zuwa da inda ba sa zuwa, daga nan yake gane abin da ke da daraja.

Akwai kuma gaskiyar da likitoci ba mu cika son faɗa ba. A mafi yawan ƙauyukan Gaya da Ajingi ba likita ne ke fara ganin majiyyaci ba, ma'aikacin lafiyar al'umma ne, ko ungozoma, ko mai kemis. Falsafar koyarwar da ta tsaya a kan ɗalibin jami'a kaɗai ta bar mafi yawan hannuwan da ke taɓa mutanenmu a waje. Abin da ya faru da maganin jijjiga a jihar nan ya isa misali. Tun 1995 babban bincike na ƙasashe da yawa ya tabbatar da cewa maganisiyam salfet ya fi sauran magunguna hana jijjiga dawowa. Magani ne mai arha, kuma lura da mai shansa ba ta buƙatar na'ura: a ƙirga numfashi, a buga gwiwa a ga ko ƙafa za ta harba, a duba yawan fitsari. Duk da haka sai a 2008 aka shigar da shi manyan asibitoci goma na Jihar Kano ta hanyar horar da wasu ma'aikata su kuma su horar da na ƙasa da su. Rahoton da Farfesa Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka fitar ya nuna mutuwar masu jijjiga a asibitocin ta sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Ba sabon ilimi aka gano ba, tsohon ne aka kai hannun waɗanda ke tsaye a bakin gado da dare. Likitan da za mu tura ƙauye zai zama malamin ma'aikatan da ya tarar, ko ya so ko bai so ba, kuma yadda muka koyar da shi haka zai koyar da su, har da tsawar.

Na sake rubuta takardata bayan abin da ya faru. Ta fi ta farko gajarta, kuma ba ta da daɗin karantawa. Na fara ta da labarin yarinyar, na faɗi abin da na kasa koyarwa, sannan na rubuta abubuwan da za a iya zuwa a gani ko ina yi ko ba na yi. Ba na sa wa ɗalibi hannu a ƙarshen zama a sashena sai na ga ya karɓi majiyyaci tun daga ƙofa, ba kati, ya yi awonsa da hannunsa, ya ɗauki tarihin da harshen majiyyacin ina zaune a gefe ban sa baki ba. Wanda ba ya jin Hausa yakan yi da tafinta, shi ma fanni ne da sai an koya. A zagayen safe nakan tambayi kowa abu ɗaya da bai gane ba game da majiyyacinsa, wanda ya ce babu shi nake tsarewa. Gyara mai zafi yana nan, ban daina ba, amma a ofis ake yi, ƙofa a rufe. Har yanzu harshena kan kuɓuce. Makon jiya ma na ji kaina na fara tsohuwar jimlar nan, sai da na kai rabi na tsaya, ɗalibar ta riga ta sunkuyar da kai.

Wani abokin aiki da na ba shi ya duba ya dawo mini da ita, ya ce babu sunan ko masanin ilimi ɗaya a ciki, masu tantancewa za su ɗauka ban yi karatu ba. Ya ba ni shawarar in cire labarin in sa 'yan kalmomin da aka saba gani. Wataƙila ya fi ni sanin masu tantancewa. Ban cire ba, sai dai na ƙara sakin layi ɗaya a kan Parry da Harrison.

Shi kuwa ɗalibin nan ya gama hidimarsa ya nemi ƙwarewa a fannin mata da haihuwa. Kafin ya bar yankin ya tara ma'aikatan ƙaramin asibitin ya sa doka cewa duk mai ciki da ta shigo, ko rakiya ta yi, sai an auna jininta. Ya rataye abin awon a ƙusa kusa da ƙofa, inda mai shiga zai gan shi. Da na je gida da sallar da ta wuce na biya ta wurin, yana nan a rataye, robar ta fara tsagewa an naɗe ta da filasta. Ƙanwata ta sake samun ciki bayan shekara biyu, a can ta yi awonta, ta haifi mace.